Ranar Wanka Ba A Ɓoye Cibi: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga 'Yan Uwana Da Suka Yi Aikin Soja A Amurka

Assalamu alaikum.

Yayyena da ƙannena 'yan mazan jiya, na Bronx da na Chicago da na Houston, da waɗanda suka tattara ya-nasu-ya-nasu suka koma Kano ko Kumasi ko Yamai, ina gaishe ku da jiki. Na san amsar da za ku ba ni, kuma a kanta na zauna rubuta wasiƙar nan.

Juma'ar da ta wuce na ƙirga kujerun da ke jere a bayan sahu a masallacinmu, na masu sallah a zaune. Bakwai ne. Uku na dattawa ne da shekaru suka kai su can. Sauran huɗun namu ne, mu da muka sa kaki, kuma babu wanda ya cika hamsin a cikinmu. Da aka sallame na ja wani ƙanena gefe, wanda ya yi aikin gyaran manyan motoci a rundunar ƙasa, na tambaye shi kashi nawa cikin ɗari na diyyar nakasa VA, wato hukumar kula da 'yan mazan jiya ta Amurka, ta ba shi a kan bayansa. Ya ce goma. Na ce yaushe takardar ta zo? Ya ce tun kafin azumin bara. Na ce ka ɗaukaka ƙara? Sai ya yi ɗan murmushi ya ce, "Yaya, ai abin da Allah ya ba ka shi ne rabonka." Mutumin da ba ya iya ɗaura igiyar takalminsa sai ɗansa ya durƙusa masa, ga shi shekara ta zagayo takarda na kwance a aljihun mota.

Ban yi masa faɗa ba, don ni ma ta nan na bi.

Direban mota ne ni a Iraƙi, daga 2006 zuwa 2007. Sulke mai faranti gaba da baya, hular kwano, bindiga, awa goma sha kana zaune a kan kujerar ƙarfe hanya na jijjiga ka, in an tsaya kuma ka diro daga sama da duk kayan nan a jikinka. Wata rana muna ɗaure kaya na ja sarƙa, na ji kafaɗata ta dama ta yi ƙas. Ban je layin marasa lafiya ba. Kun san yadda ake kallon wanda ya cika zuwa can, balle mu baƙi da kullum muke son nuna cewa ba ragwaye ba ne. Na karɓi ibuprofen a hannun yaron da ke kula da magani, na kora da ruwa, na hau mota. Babu wanda ya rubuta komai a ko'ina.

Na ajiye kaki a 2011, ban nemi diyya ba sai 2019. Wannan kaɗai hasara ce da ba ta dawowa, domin wanda ya shigar da buƙatarsa cikin shekara ɗaya da barin aiki, lissafinsa yana farawa daga washegarin ranar da aka sallame shi. Wanda ya yi jinkiri kuwa, daga ranar da ya nema ne. Shekara takwas na kyautar ba tare da kowa ya roƙe ni ba.

Aka tura ni gwajin lafiya na masu neman diyya, wanda muke kira C&P, a wani asibitin 'yan kwangila. Ranar na tashi da ɗan dama-dama, na yi wanka da ruwan zafi, na haɗiye ƙwayoyina, na sa riga mai guga. Mai gwajin ta tambaye ni yaya nake ji, na ba ta amsar da uwata ta koya mini: lafiya lau, da sauƙi. Ta ɗauko ma'aunin nan na roba mai hannu biyu, kamar abin auna kusurwa na cikin akwatin lissafin 'yan makaranta, ta kafa a kwankwasona ta ce in sunkuya. Tun wajen rabin hanya na ji wuta ta kama daga ƙugu ta gangara ƙafar hagu. Na cije haƙori na ci gaba, don in nuna mata namiji ne a gabanta. Ta rubuta digiri 75. Bayan wata biyu takarda ta zo: baya kashi 10, kafaɗa kuwa an ƙi, babu shaidar cewa a bakin aiki ta samu. Da na nemi rahoton gwajin na karanta, sai na ga bakina ne ya yanke mini hukunci. An rubuta cewa tsohon sojan ya ce yana lafiya, kuma bai ambaci cewa ciwon na tashi ba.

'Yan uwa, "da sauƙi" a wurinmu addu'a ce. Mutum na kan gadon asibiti da robar iska a hanci, ka ce masa yaya jiki, ya ce da sauƙi, kuma kai da shi kun san abin da ake nufi. Amma a ɗakin can babu mai fassara wannan. Duk abin da ya fito daga bakinka shaida ce, a rubuce take shiga, kuma wanda zai yanke hukunci bai taɓa ganin fuskarka ba, takardar kawai yake gani.

Ku duba yadda suke auna baya. A wurinsu lafiyayyen mutum yana sunkuyawa gaba digiri 90, wato kusan cikakken ruku'u, irin wanda ake cewa ko ruwa aka zuba a gadon baya ba zai gangaro ba. Wanda ya wuce 60 amma bai wuce 85 ba, kashi 10 ne. Wanda ya wuce 30 bai wuce 60 ba, kashi 20. Wanda ya tsaya a 30 ko ƙasa da haka, kashi 40. Ko sunkuyon bai gaza sosai ba, in naman baya na ɗaurewa har ya sauya wa mutum tafiya, wannan ma kashi 20 ne. To ɗan uwan da ke ruku'u da ɗan rusunar da kai kawai, hannunsa bai kai gwiwa ba, ta yaya aka yi ya tashi da goma? Ranar gwaji ya yi ruku'un da ya shekara uku bai yi wa Ubangijinsa ba, ya yi wa ma'aunin roba, ya koma gida ya kwanta kwana biyu.

Kafaɗa ma haka. Lafiyayyen hannu yana miƙewa sama digiri 180. In ya tsaya daidai kafaɗa, wato 90, kashi 20 ne. In ya tsaya a 45, hannun da kake aiki da shi kashi 30 ne, ɗayan 20. In bai wuce 25 daga jikinka ba, 40 da 30. Don haka ko tambayar nan ta da wane hannu kake rubutu ba hira ba ce, kuɗi ne. Kada ka ce "tana ɗan damuna." Ka faɗi abin da ta hana ka. Ni ba na iya naɗe hannun babbar riga a kafaɗar dama, sai da na daina sa ta ranar Idi. Ba na iya zaro walat daga aljihun baya. In na juya kanta cikin barci sai na farka. Wata 'yar uwarmu da ta yi aikin jirgin ruwa ta ce ita ɗaurin ɗankwali ne ya gagare ta, sai 'yarta ta ɗaura mata. Irin wannan magana ce ke shiga rahoto ta zauna.

Abin da ya fi ba ni haushi da na fara karatun lamarin shi ne, dokar tasu ta riga ta tanadi duk abin da muke ɓoyewa. Tun 1995, a shari'ar DeLuca, kotun 'yan mazan jiya ta ce ba a tsayawa kan lambar ma'auni kaɗai, dole a duba abin da ciwo da gajiya da raunin gaɓa ke rage wa mutum, musamman in ya maimaita motsi. Shi ya sa ake cewa ka sunkuya sau uku. A 2016, shari'ar Correia ta ce a gwada gaɓa in kai ka motsa ta da kanka da in an motsa maka, da nauyi a kanta da babu nauyi, a kuma kwatanta da 'yar uwarta mai lafiya. A 2017 aka yi ta Sharp, wadda ita ce ta fi shafar irin matsalata: mai gwaji ba zai fake da cewa bai ga ciwon a tashe ba. Wajibi ne ya tambaye ka sau nawa yake tashi, kwana nawa yake yi, me yake hana ka, sannan ya ƙiyasta digirin da kake rasawa a irin ranakun. A 2018 kuma, shari'ar Saunders ta tabbatar da cewa ciwo shi kaɗai, ko likita bai sa masa suna ba, yana iya zama nakasa muddin yana tauye wa mutum neman abinci. Wasu mutane ne suka yi shekaru suna jan waɗannan shari'o'i har aka buɗe ƙofar, mu kuma muna isa bakinta mu ce lafiya lau.

Kada wani ya fahimce ni a baibai. Ban ce ka shiga kana ɗingishin ƙarya ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, masu gwajin suna kallonka tun daga yadda ka zauna da yadda ka cire takalmi, kuma kuɗin da aka ci da ƙarya mun san sunansa. Abin da nake cewa, ka sunkuya, inda ciwo ya fara ka buɗe baki ka ce ga shi nan ya fara. Ka faɗi maganin da ka sha da safe. Ka ba da labarin ranarka mafi muni, ba ranar da ka tashi da dama-dama kaɗai ba. Ɓoye rabin gaskiya ma ai ba gaskiya ba ce.

Sai maganar ɗaukaka ƙara, wadda da yawanmu ke ɗauka kamar rashin godiya ce ko roƙo. Tun 19 ga Fabrairun 2019 aka sauya tsarin, hanya uku ce, kuma kana da shekara ɗaya daga ranar da ke jikin takardar hukunci. In kana ganin hujjarka ta isa, kuskure kawai aka yi wajen karanta ta, sai ka cike fom 20-0996, wani babban jami'i ya sake dubawa, amma ba a ƙara sabuwar shaida a nan. In kana da sabon abu a hannu, fom 20-0995 ne. In kana son alƙali ya gani, fom 10182 zai kai ka hukumar ɗaukaka ƙara da ke Washington, can ma ka zaɓa: a duba abin da ke cikin fayil kawai, ko ka ƙara shaida cikin kwana 90, ko ka zauna gaban alƙali, wanda shi ne layin da ya fi kowanne tsawo. In can ma ba ka gamsu ba, kana da kwana 120 ka kai kotu. Sirrin duka shi ne kada igiyar ta tsinke. Muddin kana bin kowane hukunci cikin wa'adinsa, ranar da ka ci za a biya ka tun daga ranar farko. Ƙanen nan nawa na masallaci har yanzu yana iya komawa, ƙofa ba ta rufe ba, sai dai kuɗin baya ya wuce shi.

Ni saura wata ɗaya wa'adi ya cika na motsa, kuma ba ni na motsa kaina ba, uwargida ce. Ita ta zauna ta rubuta shafi biyu a fom ɗin shaida, 21-10210. Da na karanta sai da na ji kunya, don ban san tana ƙirgawa ba. Ta rubuta cewa sau biyu ko uku a wata ba na iya sauka daga gado sai ta tallafe ni, cewa na mayar da barcina ƙasa a kan darduma, cewa tun da aka haifi autarmu ban taɓa ɗaga ta sama ba. Wani abokin aikina da ke Texas, wanda yana tsaye ranar da sarƙar nan ta fizge ni, shi ma ya rubuto abin da ya gani. Likitana ya duba hoton kafaɗar ya ga jijiyar ta yage, ya rubuta cewa yiwuwar daga aikin soja ta samo asali ta kai aƙalla rabi. Wannan jimla ku riƙe ta da kyau. Ba a neman tabbas ɗari bisa ɗari. In hujja ta yi kunnen doki, doka ta ce a ba tsohon soja. Kuma tun 2006, a shari'ar Buchanan, an ce rashin takardar asibiti ta lokacin da abin ya faru bai isa shi kaɗai ya sa a ƙaryata mutum ba. Abu uku ake haɗawa: ciwon da ke nan yanzu, abin da ya faru a bakin aiki, da zaren da ya haɗa su. Kafaɗata da waɗannan takardu uku ta samu shiga. Baya kuwa sai da ya je gaban alƙali, ya mayar da shi a sake gwaji saboda ba a yi maganar tashin ciwo ba, aka ƙare a 2023 da kashi 40.

A gwaji na biyu da aka ce yaya nake ji, sai da na yi ta maza kafin na iya cewa ba lafiya. Nauyin kalmar a bakina ya fi na sulke.

Akwai wani abin da kusan kowa ke bari a ƙasa. In ciwon baya na harba maka ƙafa, ko yatsu na yin sanyi suna mutuwa, wannan jijiya ce, kuma makinta daban ake ba ta. Ko kashi 10 aka ba ta kada ka raina, saboda lissafin VA ba irin na kasuwa ba ne. Arba'in da ashirin a wurinsu ba sittin ba ne. Suna cire 40 daga 100, saura 60, su ɗauki kashi 20 na sittin ɗin, 12 ke nan, ya zama 52, su mayar da shi 50. Amma in ka ɗora goman ƙafa a kai ya zama 57, wanda ke komawa 60. A farashin 2024, ga mutum shi kaɗai ba iyali, kashi 10 dala 171 ne a wata, 50 dala 1,075, 60 kuma dala 1,361, babu haraji a kai. Daga kashi 30 ake fara ƙara na mata da 'ya'ya. Ku auna wannan da kuɗin haya, ku auna da abin da ake jiran ku tura gida kowane ƙarshen wata. Haka nan in bayan ya sa ka dogara a ƙafa ɗaya har gwiwa ta lalace, gwiwar ma tana da hanyar shiga, a matsayin ciwon da ciwo ya haifa. Wanda kuma jiki ya hana shi riƙe aiki gaba ɗaya, akwai tanadin da za a biya shi kamar mai kashi 100 ko makinsa bai kai ba.

Iyayenmu malamai, ku ma da ku nake. Kun fi kowa sanin wanda ya koma kujera da shekarar da ya koma. In ɗayanmu ya zo neman ku rubuta abin da idonku ya gani, ku rubuta, shaida ce ta gaskiya. Ina kuma roƙon ku taɓa maganar a wa'azi, don akwai masu ganin neman wannan kuɗi kamar raina ƙaddara ne. Leburan da katako ya faɗo wa a wurin gini, in ya nemi haƙƙinsa a hannun mai aiki, babu mai cewa ya rasa tawakkali. Kakana yana cikin waɗanda Turawan Ingila suka kwasa zuwa Bama a yaƙin duniya na biyu. Ya dawo da wuya a sandare saboda dakon kaya a ka cikin daji, ya rasu bai taɓa ambaton abin ba, mu kuma muka tashi muna yabon haƙurinsa. Shi ba shi da fom ɗin da zai cike. Mu muna da shi.

Ku da kuka koma gida, kuɗin nan yana bin mutum duk inda yake, kuma akwai shirin VA na biyan kuɗin maganin ciwon da aka amince da shi ko a ƙasar waje kake. Abin da ke kashe ku adireshi ne. Takarda na zuwa gidan da ka tashi shekara biyu da suka wuce, an sa maka ranar gwaji ba ka sani ba. Wanda ya nemi ƙarin maki bai je gwaji ba, kuma babu uzuri, ƙin buƙatar ake yi kai tsaye. Ku shiga shafinsu na intanet ku gyara adireshi da lambar waya, ku riƙa leƙawa.

Sannan ku yi hattara da masu tallar nan a Facebook da WhatsApp da ke cewa za su kai ku kashi 100 in kun ba su kuɗin wata biyar ko shida. Ba a yarda kowa ya caje ka a kan buƙatar farko ba. Lauya ko wakilin da VA ta tantance yana karɓar lada ne bayan an yanke hukuncin farko, galibi kashi 20 na kuɗin baya. Ƙungiyoyin 'yan mazan jiya irin su DAV da VFW da American Legion kuwa kyauta suke yi, kuma yawancin ƙananan hukumomi suna da jami'in da aikinsa ke nan. Ni wani dattijo ne ɗan zamanin Vietnam ya cike mini nawa, da tabarau a kan hanci, bai karɓi ko kofin shayi ba.

Ni ba lauya ba ne, direba ne. Abin da zan iya shi ne in zauna da kai mu karanta takardar tare, musamman shafin da ke bayanin dalilin hukunci, inda suke faɗin abin da suka yarda da shi da abin da ya rage, sannan in nuna maka ofishin da za ka je. Kowace Juma'a bayan an sallame ina ɗakin ƙasa inda yara ke karatun allo, har zuwa La'asar. Na nesa ku ɗauki hoton shafin farko ku duba kwanan watan da ke sama tun yau. Ku zo da ambulan ɗin ko ba ku buɗe ba, in da hali ku zo da uwargida, don ta fi ku sanin sau nawa ciwon ke tashi.

Allah ya ƙara sauƙi, na gaske.

Wassalam,
Ɗan uwanku na kujera ta uku daga bango.